Ƙwan Kada a Gindin Jigo

Tungar Kirya, ƙasar Bukkuyum

Zuwa ga ɗana Haris, ofishin kula da kifi da namun daji, Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fauziyya da jinjirin da har yau ba a kawo mini na gani ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini tsiya in sanyi ya sauka. In ka manta ni, ni ce Gwaggonka Uwani, ubana da kakanka wa da ƙane ne, kuma ni na goya ka ranar bikin Sahura ka jiƙe mini zane. Na so in kira ka ta salula, amma a garin nan sai mutum ya hau tudun maƙabarta yana ɗaga hannu sama, ni kuwa na wuce wanga wulaƙanci. Shi ya sa na ba Kamaluddeen direba wagga takarda.

Ka san lambun da maigidana ya bar mini, Allah ya jiƙan shi, a bakin Gurbin Kirya. Ka san jigon da ya kafa, wanda nike ɗebo ruwa da shi ina ban ruwa. Wurin nan kaɗai ne gaɓar ke da ƙarfi, sauran duk rairayi ne mai zubewa, daga can kuma gonar Mu'azu ce. To, kada ta zaka ta tona rami a gindin jigon, daidai inda nike dafa ƙafa, ta zuba ƙwai ta rufe. Yanzu tana kwance cikin ruwa, idanu kaɗai a waje, in na matso ta buɗe baki ta yi mini huci. Sai rana ta take, ta koma can tsakiya, sannan nike sato ruwa cikin lambuna kamar ɓarauniya.

Ba kashe ta nike so a yi ba. Ka sani kada kan gidanmu ce tun kakanni, ba mu kashe ta, ba mu ci, ba mu sa takalmin fatarta. Malamai sun ce al'adar da ce, na ji, amma hannuna ba ya iyawa. Abin da nike so, tunda an ce ku ke da iko da namun daji, ka zo da mutanenka ku ɗauke ta ita da ƙwanta ku kai tsallake, inda ba mai noma.

Ka yi sauri, don ban da albasar sayarwa ina da fangali biyu na albasar iri, kuma ta fara fid da kai. Irin marigayi ne, jar nan da ke kai damina a rataye ba ta ruɓe ba. Shi ya yi ta zaɓenta shekara da shekaru, kuma babu mai ita duk ƙasar nan sai ni. In ta sha ƙishi kafin ta yi ƙwaya, shi ke nan.

Gwaggonka,
Uwani

Gummi

Zuwa ga Gwaggo Uwani,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarki, na kuma yi murna da jin kina lafiya. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Fauziyya tana gaishe ki, yaro ya fara rarrafe, in hanya ta yi kyau za mu kawo miki shi. Yaya zan manta ki, Gwaggo? Kullum aka haɗu sai an tuna mini da zanen nan.

Gwaggo, wallahi ba ki san irin albishir ɗin da kika yi mana ba! Ina karantawa na miƙe tsaye. Tun da aka kawo ni wannan aiki muke bin gulbin nan daga Anka har Gummi, ba mu taɓa samun inda kada ta yi ƙwai ba. Masu fata sun kashe, masu wankin ƙasar zinari sun ɓata ruwa, waɗanda suka rage sun gudu. Har mun fara cewa irinsu ya ƙare a wannan yanki. Na kai wa shugabanmu takardarki, shi ma ya karanta da kansa, nan take ya buga wa na sama da shi.

Aikinmu ke nan, Gwaggo, tsare abin da irinsa ke neman ƙarewa. Muna nan tafe cikin makon nan insha Allahu. Kafin mu iso kar ki bar kowa ya je wurin, musamman masu karnuka. Ki kwantar da hankalinki, maganarki ta isa inda ya kamata.

Ɗanki,
Haris

Tungar Kirya

Haris,

Ina gaisuwa, don an ce a fara da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in mutumin da aka ɗaure wa hannu ana ce mishi mai lafiya.

Kai yaro, wace takarda ka karanta? Tawa ko ta wani? Na ce ku ɗauke mini kada, kun zo kun ɗauke ni kun bar kada! Da na ga motarku har guɗa na yi, na sa aka dama muku fura. Kuka sha, kuka yi hamdala, kuka sauke waya mai ƙaya kuka zagaye gaɓar da jigona a ciki, kuka kafa allo da hoton kada tana dariya. Kai kuma kana ta kai da kawowa da igiyar awo, ina kiran ka kana ce mini "ina zuwa, Gwaggo", har motar ta tashi ba ka zo ba.

Sannan kuka bar mini Sambo. Ban san inda kuka samo wanga bawan Allah ba. Ya kafa kujera a bakin shingen da hular aiki da sanda, in na matso da guga ya miƙe ya ce, "Inna, doka." Na ce mishi jigon mijina ne. Ya ce, "Inna, doka." Na ce albasa za ta mutu. Ya ce Allah ya kiyaye, amma doka. Bai san kowa ba a garin nan, ba ku bar mishi ko garin kwaki ba, to wa kake jin ke ciyar da shi? Ni! Safe da yamma ina kai tuwo ga mutumin da ke hana ni ruwa, yana ci yana sa mini albarka.

Yanzu sai in zagaya ta mashayar shanu in ciko jarka in ɗoro a kai. Ka san nisan wurin, kai ma ka tafi da ƙafarka ranar da kuka zo, na ga kana share zufa. Kafin in jiƙa fangali na biyu, na farko ya bushe. Na bar rabin albasar sayarwa ga Allah, ina bi ta kan ta iri.

Mutanen gari kuma sun samu abin dariya. In na wuce sai a ce ga wadda ta kai ƙarar kanta. Jiya a wurin niƙa wata ta tambaye ni ko gwamnati za ta yi wa 'yar'uwata kada suna in ta haihu.

Ka zo ka buɗe mini ko ƙofa ce, iyakar inda guga ke wucewa. Ni da kadar nan mun fara fahimtar juna kafin ku sa baki.

Uwani

Gummi

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya, sai dai takardarki ta hana ni cin abinci. Fauziyya ta karanta ta ce ke ce da gaskiya, don haka a gida ma ban tsira ba.

Amma Gwaggo, ki saurare ni. Ƙwan kada ba kamar na kaza ba ne da za a kwashe a kwando. In aka juya shi ko aka canza masa zafin ƙasa, ɗan da ke ciki mutuwa yake yi. Uwar kuma in aka kai ta tsallake, kafin mu juyo da mota ta rigaya mu dawowa. Batun ƙofa kuwa, kin ce kun fahimci juna. Gwaggo, kada mai gadin ƙwai ba ta fahimtar kowa, kuma kullum ƙyanƙyasa na matsowa zafinta ƙaruwa yake yi. In ta kama miki ƙafa, da wane ido zan dubi dangi? Shingen nan ba don ita kaɗai aka yi shi ba.

Kuma don Allah ki daina cewa ban karanta ba. Na karanta, na ga maganar albasar maigidanki Baba Maikuɗi, na kuma faɗa a gaban shugabanmu. Abin da ban sani ba shi ne duk gaɓar na cikin tazarar da doka ta ce a killace, sai da muka ja igiya na gani, kuma a gaban manya ba ni da bakin cewa a rage. Shi ya sa na kasa haɗa ido da ke ranar.

Ga abin da na yi. Na rubuta a ba ki injin ban ruwa da dogon tiyo, a jawo miki ruwa daga can ƙasa da shingen. An amince, an sa hannu, saura a fitar da shi daga sito a Gusau. Kafin ya iso, ki roƙi Mu'azu ya ara miki nasa ko sau biyu ne a mako, maƙwabcinki ne. Ko a gwada haƙa 'yar rijiya a bayan lambun.

Abincin Sambo kuma laifinmu ne, zan yi magana. Ki yi haƙuri da shi, abin da aka ce ya yi yake yi. Ni ma haka.

Ɗanki,
Haris

Tungar Kirya

Haris,

Sallama. Ina fatan kana raye, don kasuwar Bukkuyum ta ci ta sake ci ta sake ci, kullum ina tare Kamaluddeen a bakin hanya yana juya mini tafin hannu. Ni dai ina nan, sai dai yanzu ba gwiwa kaɗai ba, baya ya shiga, wuya ya shiga. Da dafa bango nike tashi sallar asuba.

Ina injin? Ko shi ma ƙwai ya yi a Gusau kuka killace shi?

Ka ce in haƙa rijiya. Sannu da dabara, ɗan boko. Kana jin marigayi bai gwada ba? Bayan lambun nan marmara ce, diga ma tsalle take yi.

Ka ce in roƙi Mu'azu. Na roƙe shi, ni da ban taɓa roƙon shi ko gishiri ba. Ya ce injin shi nawa ne, kyauta, har mai shi zai zuba. Sharaɗi guda, in ja Sambo gida da hira da tuwo ran da zai kawo wani maharbi, a gama da kadar a fasa ƙwan, a huta. Ya ce ta ci mishi akuya, kuma jikokin shi a gurbin nan suke wanka, in ɗiyanta suka fito wa zai iya da su? Kar ka ce mugu ne, maganar shi akwai gaskiya a ciki.

Haris, na tsaya ina kallon albasar nan. Kawunan sun yi fari sun buɗe, ƙudan zuma na ta bi, amma karan ya fara lanƙwasa, ganye ya yi rawaya daga baki. Ruwa guda mai kyau take nema. Na ce wa Mu'azu ya ba ni zuwa gobe. Na koma gida. Da gari ya waye na tafi na ce mishi ya riƙe injin shi, kuma in na ga maharbi a gaɓar nan ni da kaina zan yi mishi kururuwa. Ya ce lalle tsufa ya taɓa ni. Wataƙila ya taɓa.

To ka ji. Ba allonku ya tsare kadar nan ba, ba Sambo ba, don Sambo in ya ci tuwo ya ƙoshi ko akuya sai ta ɗauke mishi hula. Ni na tsare ta, ni da take kashe wa lambu, kuma haushin kaina ya fi haushinku ci mini rai.

In kana da sauran kunya ka turo injin nan cikin makon nan. Bayan haka ko ka turo gulbi ba shi da amfani.

Uwani

Gummi

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Wallahi ba share ki na yi ba. An tura mu Anka, wasu sun zuba guba a ruwa don kama kifi, kifi ya taso fari fat har da 'yan ƙanana, muka yi ta fama da su da masu sayen, ga hanya ba daɗi. Jiya na dawo na tarar da takardarki a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta maganar Mu'azu. Allah ya saka miki da alheri.

Yau da kaina na je na tsaya a kan maganar injin, har muka ɗaga murya da mai sito. Injin ya fito, yana hanya, za a kawo miki shi tare da manyanmu, don Sambo ya aiko cewa an fara jin kukan 'ya'yan daga cikin rami, kuma suna so su gani da idonsu. Ni an hana ni biyo su, an ce in koma Anka.

Akwai wata magana da gara ki ji daga bakina. Kada in ta sami wurin da ƙwanta ya tsira, wurin take komawa duk shekara. Saboda haka an yanke shawarar shingen zai zauna, za a ma sa masa ginshiƙan siminti. A wajen aikinmu wannan babbar nasara ce, ana ta yi mini barka. Amma ni na san abin da wannan yake nufi ga jigon.

Ki gaya mini halin da albasar iri take ciki.

Ɗanki,
Haris

Tungar Kirya

Ɗana Haris,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Fauziyya mai gaskiya, da yaro. Ni ina kwance ina tashi. Mai magani a Bukkuyum ya ce in na sake ɗora jarka a kaina kar in koma wurin shi.

Ka tambayi albasar iri. Ta mutu. Kawunan sun bushe ba ƙwaya, na murza a tafin hannu na hura, ƙaiƙayi ne kawai ya tashi.

Injinku ya iso. Ja ne, sabo fil, har da leda. Ba tiyo. An ce tiyon wata takarda ce daban. Manyanku suka ɗora shi a kan fangalin da ya bushe, suka tsai da ni a gefe aka ɗauki hoto, wani ya ce in yi murmushi. Washegari hadarin farko ya haɗo aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Injin yana ɗakina, kaza ta fara kwana a kai.

'Yar'uwar tawa kuwa ta sauka lafiya. Manyanku ba su gani ba, sun gaji da jira sun tafi cin abinci. Ni da Sambo muka gani. Ta fito da hantsi ta tone ramin da ƙafafunta, ta riƙa ɗaukar ɗiyan a baki, a hankali, bakin nan da ta yi ta buɗe mini, tana kai su ruwa tana dawowa. Ƙanana kamar ƙadangaru, suna wani kuka siriri. Sambo ya cire hula yana ta salati. Ni kuma, don rashin zuciya, sai na ji bakina ya ce mata barka. Na tsaya a kan gawar albasata ina yi wa kada barka, Haris. Ka gaya wa na wurin niƙa, su ƙara dariya.

Batun shinge na ji. Ku sa siminti, ku sa ƙarfe in kun so. Ko kun buɗe, bayan nan nawa ya gama jan jigo, kuma ba zan sake kai wa Mu'azu roƙo ba. Lambu ya zama nata.

Yanzu ka buɗe ƙullin da Kamaluddeen zai ba ka tare da wagga takarda. Albasa ce, 'yan ƙanana, ba su cika tafi biyu ba. Su ne abin da na tono da rai daga fangalin sayarwa, kuma jinin waccan ce, irin marigayi. Duk duniya babu saura sai su. Ban rage ko ɗaya ba, don ba ni da inda zan dasa.

Kar Fauziyya ta kuskura ta yanka su a miya. Ka rataye su inda iska ke shiga, ruwa bai taɓa su, ka riƙa dubawa, wadda ta yi laushi ka cire ta kar ta shafi sauran. In damina ta wuce sanyi ya fara, ka dasa su a bayan ofishinku, an ce kuna da famfo. Ka ba su ruwa safe da yamma, da hannunka, ba Sambo ba. In an tura ka Anka ka ce kana da gadi. In sun fid da kai sun yi fari, ka bar su su bushe a tsaye, sannan ka murza ka kawo mini ƙwayar in gani, kai da yaron nan a tafiya guda.

Kai ka rubuta mini cewa aikinku tsare abin da irinsa ke neman ƙarewa. Takardar tana nan ƙarƙashin tabarmata. To ga shi nan na aiko maka, ka tsare.

Gwaggonka,
Uwani